Ƙafar da Ba Ta Ciwo

Ƙarfe biyu na rana aka sa za a cire wa Tela babban yatsansa na ƙafar dama. Takardar na rataye a gindin gadonsa, kuma tun da safe wata nas ta zana masa kibiya a ƙauri da shuɗin alƙalami, tana nuna ƙasa, don kada a yanke na hagu. Tela ya ce tun da aka kwantar da shi babu abin da ya tsorata shi kamar wannan kibiyar, domin ba a zana kibiya sai inda aka taɓa ɓata hanya.

Shekara arba'in da ɗaya yana taka keken ɗinki da wannan ƙafar. 'Ya'yansa sun saya masa mai lantarki, yana nan a shago an lulluɓe shi da ƙyalle, a kansa ake ajiye almakashi. Shi dai ya ce keken da ba ya jin ƙafarsa ba zai ji maganarsa ba.

Mako uku ke nan yatsan ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, har wani ƙulli a gefensa ya fashe yana fitar da farin abu. Ga shi da ciwon suga. Hoton ƙashi ya nuna gefen gaɓar kamar ɓera ya gutsura. Likitan tiyata ya haɗa wannan da wancan ya ce cuta ce ta shiga ƙashi, kwana biyar ana ɗura masa magani a jijiya ba ta ko motsa ba. Ko a cire yatsa yau, ko a cire ƙafa mako mai zuwa.

Babbar 'yarsa ce ta sa hannu a madadin gida, bayan shi ya sa nasa yana kallon bango. Shugabar makarantar sakandare ce, ƙannenta Firinsifal suke ce mata, kuma ba wasa suke yi ba. Uwarta kuwa, wadda Tela ke kira Manaja saboda ita ke tuna masa wa ya yi wa alkawarin kaya da yaushe, tana zaune a kujerar roba ta rungume jakarta a cinya. Tun asuba ba ta ce uffan ba, abin da a tarihin gidan ba a taɓa gani ba.

Da ƙarfe sha ɗaya aka ce a sauka da shi ɗakin sikanin. Ba don ana shakkar wani abu ba. Likita na son a auna masa iyakar inda mugunya ta kai, ya san inda zai aza wuƙa.

Ɗakin na ƙarshen baranda, a bakinsa mata masu ciki sun cika benci biyu. Da Firinsifal ta turo shi a keken marasa lafiya, wata mai jan mayafi ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa layinmu. Wata nawa?"

"Sati uku ne, 'yata," in ji shi, "amma a ƙafa ya zauna. Yau za a haihu."

Suka fashe da dariya. Manaja ba ta yi ba.

Mai Hoto, wato ma'aikaciyar da ke sikanin, gajeruwar mace ce mai tabarau a igiya, ta haura shekara ashirin a wannan ɗaki mai duhu da sanyi. Ta karanta takardar, ta cire kan na'urar mai lanƙwasa da take bin cikin mata da shi, ta sa wani siriri mai miƙaƙƙen baki. Da ta yaye zanen da ke ƙafar, gefensa ya shafi yatsan, Tela ya yi wani ihu da ya sa hirar benci ta tsaya.

"Zane kawai?" ta tambaya.

"Ko iskar fanka, Sista. Ko kallon da kike masa ma ina ji."

Ta matsa man nan mai sanyi da yawa, tuli guda, ta ɗora na'urar a kan man ba tare da ta danna fata ba. Allon ya cika da toka-toka da baƙi. Ta auna abin da aka aiko ta aunawa, ta rubuta. Sai kuma ta tsaya. Ta karkata hannu, ta dawo da shi, ta sake karkatawa. Ta ɗora tabarau a hanci.

"Baba, miƙo mini ɗayar."

"Ta dama aka rubuta," in ji Firinsifal. "Ta hagu lafiyarta lau."

"Na gani."

"Ƙarfe ɗaya ake son sa a sama. An ce kada mu makara."

"Ni haka nake aiki, Malama. Ba na sallamar ƙafa mai ciwo sai na ga 'yar'uwarta mai lafiya. In ba haka ba da me zan gwada?"

Firinsifal ta duba agogo, ta yi irin numfashin da take yi wa malamin da ya zo taro ba littafi. Tela kuwa ya cire silifa da sauri. Duk abin da zai ci lokaci a ranar, abokinsa ne.

Mai Hoto ta bi babban yatsan hagu, wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Ta daɗe. Sannan ta sa ya naɗe wando ya lanƙwasa gwiwa, ta duba nan ma. Daga nan ta juyo allon ta yadda duk za su gani.

"Kun ga wannan farin layin? Bakin ƙashi ne, kowa yana da shi. Wannan baƙin da ke kansa guringuntsi ne, shi ma daidai. To wannan farin layi na biyu da ya kwanta a saman guringuntsin, shi ne bai kamata a gan shi ba."

Tela ya tsura ido. "Ɗinki biyu ne. An bi layi, an sake bi ta sama."

"Haka yake a ta dama, haka a ta hagu, haka a gwiwa. Baba, ya taɓa yi maka haka kafin wannan karon?"

"Bara ya yi sau uku. In kwanta lafiya, in tashi kamar an sa mini garwashi. Kwana biyar, shida, ya tafi abinsa."

"Ka faɗa wa Likita?"

"Bai tambaye ni bara ba. Bana ya tambaya."

Ta ɗauki wayar bango. Firinsifal ta matso kusa da ita, ta rage murya.

"Sista, ki gaya mini gaskiya. Me kika gani?"

"Ni ba ni da ikon faɗar sunan ciwo. Aikina in auna in rubuta." Ta danna lamba. "Amma ina da ikon hana Likita cin abincin rana."

Ƙarfe sha biyu da minti ashirin Likita ya shigo da hular tiyata a kansa. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma bai saba a kira shi ƙasa ba. Ya tsaya bayan Mai Hoto, hannu a aljihu, tana nuna masa hotuna uku ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙullin, wanda a allo ya yi kama da curin gajimare.

"Gawut kike so ki ce."

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Layi biyu na gani."

"Mene ne gawut kuma?" in ji Firinsifal.

"Wani sinadari ne da ƙoda ke fitarwa a fitsari. In ya yi yawa a jini sai ya daskare a gaɓa, tsini-tsini kamar allurai. Yana kumbura gaɓa, yana ma cin ƙashi." Ya juya ga Mai Hoto. "Na auna shi a jininsa ranar da ya zo. Bai hau ba."

"Ranka ya daɗe ka fi ni sani, in ciwon na tsaka da tashi yakan sauka a jini."

"Yakan sauka. Kuma yakan sauka don babu shi." Ya cire hannu daga aljihu. "Sista, na'urarki ba ta ganin ƙwayar cuta. Mutum yana iya samun wannan layin ya kuma samu cuta a ƙashi, ba su hana juna zama. Mai suga ne, ƙafa ta fashe. Wata huɗu da suka wuce na saurari masu cewa a jira, na jira wa wani bawan Allah kwana huɗu. Daga saman gwiwa na yanke."

Likita ya nuna Tela da hannu.

"Kuma dube shi," Likita ya ci gaba. "Ba ƙiba, ba ya shan giya, ƙodarsa ba laifi. Me zai tara masa wannan abu har ya yi ƙulli? Ki ba ni dalili ɗaya in tsaya. Baba, ban da maganin suga, akwai abin da kake sha?"

"Babu."

"Na hawan jini? Na sa fitsari? Wani abu da aka ba ka a kemis?"

"Na ce babu, Likita. Maganina ɗaya ne."

Ya faɗe shi da sauri, yana kallon silin. Firinsifal, wadda ta yi shekara goma sha tara tana sauraron yara suna cewa ba su ne suka fasa taga ba, ta juyo a hankali ta dubi ubanta.

"Baba."

"Uwata, kada ki fara."

"To shi ke nan," in ji Likita. "Ƙarfe biyu na nan yadda take." Ya kama hannun ƙofa.

Sai aka ji ƙarar zif. Manaja ce ta buɗe jaka. Ta daɗe tana lalube, ko da yake ta san inda abin yake, ta fito da wani ɗan gwangwanin maɓallai irin na shago. Murfin ya suɓuce mata ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙananan fararen ƙwayoyi, kowace an raba ta biyu daidai wa daida, yankan almakashin gwani, da kuma kwalin da aka ɓallo su a ninke.

"Manaja, rufe wannan abin," in ji Tela.

"Ba ƙarya ya yi ba, Likita," ta ce. "Ba nasa ba ne. Nawa ne."

Likita ya saki ƙofa.

Ta yi bayani tana kallon gwangwanin. Shekara biyu da suka wuce aka ɗora ta a kan maganin hawan jini, irin mai sa fitsari. Cikin mako guda kumburin ƙafarta ya saɓe. Shi kuma kullum ya dawo shago sawunsa a kumbure saboda zama. To ita tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa cin abu ita kaɗai ba. Lemo a raba, sabulu a raba, bargo ma ɗaya ne. Sai ta ga ba ta da fuskar da za ta zauna da sawu lafiyayye shi yana jan nasa. Rabi nata, rabi nasa, kowace safiya. Shi ke yankawa.

"Da yatsan ya kumbura kuma?" Likita ya tambaya.

"Sai na ga rabi ya yi masa kaɗan. Na bar masa duka biyun."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

"Har a nan asibiti?"

"In nas ta fita."

"Mama!" Firinsifal ta dafe kai. "Ke kuma fa? Sati uku ba ki sha maganinki ba? Ni ina can ina zarya tsakanin makaranta da nan, ina sa hannu a yanke wa Baba yatsa, ashe ku biyu kun buɗe kemis a ƙarƙashin filo?"

"Kada ki yi wa uwarki tsawa a gaban mutane."

"Baba, ai kai ne mai yankan!"

"Ni ne. Kuma ban taɓa karkacewa ba."

Likita ya warware kwalin, ya kai shi ƙarƙashin fitilar tebur ya karanta. Ya daɗe fiye da yadda kalma ɗaya ke bukata.

"Wannan maganin yana hana ƙoda fitar da sinadarin da na faɗa," ya ce. "Shekara biyu." Ya dubi Mai Hoto, ita kuwa ta sami wani abu mai muhimmanci da za ta goge a jikin na'urarta. "Kawo mini sirinji da allura. Ki riƙe mini hoton."

Aka wanke wurin, aka kashe fatar. Tela ya ƙi rufe ido. Yana kallo a allo allurar ta shigo daga gefe, farin tsinke, ta ratsa har cikin gajimaren nan.

"Hannunka bai da laifi," ya ce ta cikin haƙora. "Da ka zo shago da na ba ka wuyan riga."

Abin da ya biyo sirinjin fari ne mai kauri, kamar alli da aka jiƙa. Likita ya ɗaga shi ga haske. Ya ce shi da kansa zai kai ɗakin gwaji a duba a madubin gano ƙwayoyin cuta, su jira a baranda. Bai ce an fasa ba.

Ƙarfe ɗaya da minti goma suka fito. Masu ciki sun ragu saura uku. Mai Hoto ta leƙo ta kira wata nas ta auna jinin Manaja, nas ta auna sau biyu, ta tafi da sauri ta dawo da ƙwaya ɗaya da ruwa, ta tsaya a kanta har ta haɗiye. Cikakkiya, ba rabi ba.

Firinsifal ta zauna a ƙarshen benci, ta bar tazarar mutum biyu tsakaninta da uwarta.

"Ni na jawo masa," in ji Manaja, ba ta kalli kowa ba. "In aka yanke, ni na yanke."

"Ke kika ɗura mini?" in ji Tela. "Da bakina na sha."

"Me ya hana ku gaya mini?" Firinsifal ta tambaya. Muryar ta sauka yanzu.

"Ke ake gaya wa abu?" uwar ta ce. "Ke da ko gishiri na ƙara a miya sai kin kira taro."

Ɗaya da rabi ta wuce. Ƙarfe biyu saura kwata sai ga ma'aikata biyu sun turo gadon tiyata, da koren zane a ninke a kai. Babu wanda ya gaya musu komai, su takarda suka sani. Na gaba ya duba lambar da ke hannun Tela.

"Baba, bismilla. An shirya, kai ake jira."

"Likita ya ce mu jira shi a nan," in ji Firinsifal.

"Hajiya, mu Likita a sama muka san shi. In muka makara mu za a yi wa faɗa."

Ta miƙe ta tsaya tsakanin gadon da keken ubanta, ta harɗe hannu. Ita ce ta sa hannu da safe, kuma har yanzu ba ta san ko tsayuwar nan ceton yatsa take yi ko sayar da ƙafa ba. Amma ta tsaya. Ma'aikatan suka dubi juna, suka ga wannan ba irin wadda ake turewa ba ce, suka jingina da bango.

Biyu saura minti huɗu Likita ya ɓullo daga kwana, hular a hannu.

"Allurai ne," ya ce. "Cike da madubi, har ba wurin sa ido. Gawut ne, wannan babu shakka. Ba mu ga ƙwayar cuta ba a dubawar farko." Manaja ta fara hamdala, ya ɗaga hannu. "Ban gama ba, Mama. Dubawar farko takan ɓoye. Sai an shuka abin an ga ko wani abu zai tsiro, kwana uku ke nan. In na jira kuma akwai cuta a ƙashin, kwana ukun nan nata ne. Wataƙila lokacin ba yatsa za mu yi magana ba."

"In ka yanke yau fa?" in ji Firinsifal.

"Ƙafa ta tsira tabbas. Yatsa ya tafi, ko da laifinsa ko babu."

Duk suka dubi Tela. Shi kuwa yatsan yake kallo, ya yi ja ya yi suntum a kan matakin keken.

"Likita, in taka ce fa?"

"Da safe da na yanke ban waiwaya ba. Yanzu ban sani ba, Baba. Gaskiyar ke nan."

"To tun da ka iya cewa ba ka sani ba, na yarda da kai." Ya ja numfashi. "Ni na sha yanka yadin mutane a kan kuskure. Ban taɓa ganin wanda ya koma ba. A jira."

"Baba, ka ji fa abin da ya ce game da ƙafar."

"Na ji, Uwata. Ƙafata ce."

Likita ya durƙusa a nan baranda, ya zagaye iyakar jan da ɗigo-ɗigon alƙalami. Ya ce in jan ya tsallake wannan, ko zazzaɓi ya tashi, ba zai sake tambayar kowa ba. Ya canza magani, ya karɓe gwangwanin maɓallai ya sa a aljihunsa, ya sallami masu gado.

Kwana ukun nan babu wanda ya yi hirar kirki a gefen gadon. Duk awa huɗu nas ta zo ta auna zafin jiki, su uku su bi ta da ido kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. A rana ta farko jan ya taɓa ɗigo biyu ta wajen idon sawu. Firinsifal ta ɗauki hotonsa a waya, bayan awa ɗaya ta sake ɗauka, ta fita baranda tana gwada su, ta dawo ido jawur ta ce ƙura ce. Likita ya zo ya tsaya a kai minti biyar cur, sannan ya tafi. A rana ta biyu jan ya tsaya inda yake. Fatar ta fara yamushewa.

Ranar ta uku da hantsi ya shigo da takarda a hannu, ya ce babu abin da ya tsiro. Ya ce ƙullin zai ɗauki watanni kafin ya narke, akwai magani na kullum, kuma ƙashin da ya gutsure ya gutsure ke nan. Sannan ya ja kujera gefe.

"Sauko da ita. Taka."

Tela ya zuro ƙafar a hankali, Manaja ta riƙe masa hannu ɗaya, Firinsifal ɗaya. Ya aza diddige, ya aza tafin, daga ƙarshe ya danna babban yatsan a kan siminti. Fuskarsa ta tattare, gumi ya tsatso masa a goshi.

"Da ciwo?" in ji Likita.

"Da ciwo sosai," Tela ya ce, bai ɗaga ƙafar ba. "Ku sake ni in ji shi da kyau."